Daga Lambeth Zuwa Lyneham: A Sawun Fostocin da Suka Kira Masu Sana'a Yaƙi

Sana'ata koyar da zane da aikin ɗab'i ce, kuma na daɗe ina sha'awar fostocin da Turawa suka buga a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, musamman wani reshe nasu da ba a cika maganarsa ba, wato waɗanda aka zana domin jawo matasan da za a koya wa kanikanci da walda da aikin lantarki da na rediyo a cikin soja. Duk sanin da na yi musu a allon kwamfuta ne, inda takarda mai tsawon inci 30 take komawa kamar tafin hannu. Saboda haka da aka gayyace ni wani taron ƙara wa juna sani a Landan cikin watan Nuwamba, sai na ƙudura cewa ba zan dawo ba sai na gan su da idona.

Jirginmu ya tashi daga Abuja ya sauka a Heathrow babu wani abin labari. Layin shige da fice ne ya ɗan ja, kuma da na isa gaban jami'in ya duba biza da takardar gayyata, ya tambayi inda zan sauka da ranar komawata, sannan ya sallame ni. Abin da na fara lura da shi a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly shi ne jan fure na takarda da mutane da yawa suka maƙala a ƙirjin rigunansu, wanda suke sawa kowace shekara gab da ranar 11 ga Nuwamba domin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Ashe na zo a kan gaɓa. Masaukina wani ƙaramin otal ne kusa da Elephant and Castle, ɗaki ne da gado ya cinye fiye da rabinsa, ga tsada, amma yana da na'urar ɗumama ɗaki, kuma a sanyin da na tarar wannan ya fi mini komai. Kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufa, sai mutum ya ga azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa da kusa, dole ya tsara yawonsa a kansu.

Bayan an tashi daga taron, wurin da na fara nufa shi ne gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke kan titin Lambeth, tafiyar ƙafa ce daga masaukina. Tun daga nesa ake hango manyan igwa biyu na jiragen ruwan yaƙi an girke su a bakin ƙofa, kowace faɗin bakinta inci 15. An kafa gidan a 1917, yaƙin farko bai ma ƙare ba, ya kuma dawo wannan gini a 1936, ginin da a da asibitin masu taɓin hankali ne. Ba a biyan kuɗin shiga, akwai dai akwatin da mai niyya zai jefa gudunmawa, amma ana buɗe jakar kowa a duba. Da shigarka za ka ga jirgin Spitfire yana reto a sama da kanka, ga kuma rokar V-2 ta Jamusawa a tsaye kamar hasumiya. Ban tsaya a nan ba, na wuce ɓangaren yaƙin farko.

Akwai sanannen hoton nan na Lord Kitchener, ministan yaƙin Birtaniya na lokacin, mai gashin baki, yana nuna mai kallo da yatsa yana cewa ƙasarka tana bukatarka. Alfred Leete ne ya zana shi, ya kuma fara fitowa a bangon wata mujalla mai suna London Opinion ranar 5 ga Satumba, 1914. Daga gare shi Ba'amurke James Montgomery Flagg ya ɗauki fasalin nasa na 1917, wanda aka buga sama da kofe miliyan 4. Akwai kuma ta Savile Lumley ta 1915, inda yarinya take zaune a cinyar mahaifinta tana tambayarsa abin da ya yi a babban yaƙin, shi kuwa ya ƙura ido yana kallon wanda ke kallonsa, kunya ta rufe shi. Dabarar waɗannan fostoci ɗaya ce: su kama idonka, su sa ka ji an ware ka a cikin taro ana jiran amsarka. Ba sa tambayar abin da ka iya. Duk mai ƙafa biyu da hannu biyu ya zo.

Kuma an zo. Daga Agustan 1914 zuwa ƙarshen 1915 kusan mutum miliyan 2.5 suka shiga soja da kansu a Birtaniya, kafin a kawo dokar shiga ta dole a farkon 1916. Sai dai cikin waɗanda suka amsa kiran akwai maƙera da masu haƙar kwal da ƙwararrun ma'aikatan masana'antu, waɗanda aka kwasa aka zuba a ramukan fagen daga a Faransa, alhali masana'antun da za su ƙera harsasan da za su harba sun rasa hannu. A 1915 ƙarancin harsashin igwa ya zama abin faɗa har ya girgiza gwamnati, aka kafa ma'aikatar makamai ƙarƙashin Lloyd George, aka shiga neman wasu ƙwararrun ana maido da su bakin inji. Ina tsaye a gaban waɗannan takardu na ga cewa fostar da ta iya tada tsikar jiki tana iya yin aiki fiye da kima har ta yi ɓarna, kuma daga wannan darasi ne reshen da na zo nema ya samo asali. Kafin yaƙi na biyu ya ɓarke a 1939 gwamnati ta riga ta fitar da jerin sana'o'in da ba za a taɓa masu su ba, kuma tun ranar da aka shiga yaƙin doka ta wajabta aikin soja a kan maza daga shekara 18 zuwa 41. Tunda doka ce take kawo mutane, aikin mai zane ya sauya: yanzu ana son ya tace, ya karkato da wanda ya dace zuwa inda ya dace.

Wata dattijuwa daga cikin masu aikin sa-kai na gidan ta ga na daɗe ina rubutu a ɗan littafina, ta matso ta tambaye ni abin da nake nema. Da na gaya mata, sai ta ce mafi yawan fostocinsu, waɗanda suka kai dubbai, suna cikin ma'ajiya domin haske yana cin launin takarda, kaɗan ake fitowa da su ana sauyawa, amma in hau sama zuwa ɓangaren zane-zane da aka buɗe a 2023, akwai abin da zai biya mini bukata. Ta yi gaskiya. A can na tarar da zanen Laura Knight na 1943, na wata budurwa mai suna Ruby Loftus tana aiki a masana'antar makamai ta Newport. Ta ɗaure gashinta da koren raga, tana sanye da shuɗiyar rigar aiki, ta naɗe hannayen riga, ta sunkuya a kan injin sassaƙar ƙarfe tana yanka zaren ciki na wani ƙarfe da ke gindin igwar kakkaɓo jirage ta Bofors. Hasken da ke fitowa daga wajen injin ne yake haskaka fuskarta, can baya kuma ga layin wasu mata kowace da abin da ke gabanta. Aikin da take yi yana cikin mafi wuya a masana'antar, wanda a da sai mutum ya shekara takwas ko tara yana koyo kafin a amince masa, ita kuwa ta ƙware cikin watanni, bayan a da a shagon sayar da taba take aiki. An mai da zanen fosta aka rarraba a masana'antu.

Na daɗe a gabansa, domin a nan na ga ƙa'idar da daga baya na riƙa gani a kusan kowace fosta ta wannan reshe. Kitchener yana kallonka, Ruby Loftus ba ta san kana wurin ba. Idonta yana kan aikinta, kuma dole naka idon ya bi nata ya sauka a kan hannu da ƙarfe. Mai zanen ba ta zarge ka da ragwanci ba, ta dai bar ka ka tsaya a gefe kana sha'awar gwaninta, har ka ji kana so a ce kai ne ka iya. Wannan wata hanya ce ta daban ta shiga zuciyar mutum, kuma a ganina ta fi ta farko wayo nesa ba kusa ba.

Abin da allon kwamfuta bai taɓa nuna mini ba shi ne jikin takardar. Galibin fostocin Birtaniya na lokacin faɗin inci 20 ne da tsawon inci 30, takardar ba ta da kauri saboda an sa ta cikin kayan da ake rabawa da awo tun 1940, kuma a wasu har yanzu ana ganin sawun ninki, domin a ninke ake aika su barikoki da ofisoshin ɗaukar ma'aikata. Da salon ɗab'in dutse ake buga su, inda kowane launi yake bukatar nasa faranti da nasa zagaye a cikin inji, saboda haka ƙarin launi ɗaya ƙarin kuɗi ne da lokaci. Idan ka matsa kusa za ka ga inda mai zane ya ɗora shuɗi a kan rawaya ya sami kore kyauta, ko ya bar farin takarda ya zama hasken da ke ƙyalli a jikin ƙarfe. Can ƙasa kuma, da ƙananan haruffa, akwai sunan maɗaba'ar da ta buga wa ofishin ɗab'i na gwamnati. Mai aikin ɗab'i irina yana iya ɓata rabin yini a kan waɗannan ƙananan abubuwa kawai, kuma na ɓata.

Ranar Juma'a na yi salla a babban masallacin gabashin Landan da ke kan titin Whitechapel, na ci shinkafa da naman rago a ɗaya daga cikin gidajen abincin 'yan Bangaladash da suka cika unguwar, ƙasa da fam 10, kuma shi ne abinci na farko da ya zauna mini sosai tun zuwana. Ban je unguwar don ciki kaɗai ba. A nan aka haifi Abram Games a 1914, ɗan wasu Yahudawa 'yan ci-rani daga gabashin Turai, wanda ya shiga soja a matsayin kurtu a 1940, daga baya aka ɗauke shi zuwa ma'aikatar yaƙi ya zama mai zana wa rundunar fostoci, ya yi kusan 100 kafin yaƙin ya ƙare. Mahaifinsa mai ɗaukar hoto ne, a wurinsa ya koyi amfani da ƙaramar na'urar feshin launi da ake gyara hotuna da ita, wadda ta zama makaminsa. Ƙa'idarsa ita ce a isar da ma'ana mai yawa da kayan aiki kaɗan, kuma yakan fara gwada tunaninsa a ɗan mitsitsin zane, domin abin da bai fito ba a ƙarami ba zai fito ba ga mai wucewa daga nesa.

Domin shi na tafi gidan tarihin sojan ƙasa da ke Chelsea, maƙwabcin gidan da tsofaffin sojoji suke zaune, inda na ci karo da ɗayansu cikin doguwar jar kwat da lambobin yabo a ƙirji. Gidan ya yi babban baje kolin ayyukan Games a 2019, na makara da shekaru, amma na sami kofe masu kyau a shagonsu da littattafan da zan duba. Fostarsa da ta fi shahara ita ce ta 1941 ta rundunar mata ta ATS: fuskar mace ta gefe, gashi ruwan zinariya, jan baki, hular soja a karkace, rabin fuskar cikin inuwa, sai manyan haruffa uku na sunan rundunar a ƙasa. Feshin launin ya sa fatar ta yi santsi kamar gogaggen ƙarfe. Ba ta daɗe a bango ba aka janye ta, bayan wata 'yar majalisa, Thelma Cazalet-Keir, ta yi ƙorafin cewa kwalliyar ta yi yawa. Yawancin masu rubutu a kan zane suna ganin an zalunci Games, kuma ta fuskar gwaninta ina tare da su. Amma akwai abin dubawa: fostar ba ta nuna aiki ko ɗaya ba, kaki da kyau kawai take tallatawa, alhali abin da rundunar take bukata mata ne da za su tuƙa manyan motoci, su gyara su, su riƙe na'urorin auna nisan jirgi da na hango shi a sansanonin igwa, inda daga 1941 aka fara haɗa maza da mata, ko da yake ba a yarda mace ta harba ba. A watan Disamban wannan shekarar aka wajabta hidimar ƙasa a kan matan da ba su da aure daga shekara 20 zuwa 30. Hoton da ya fi dacewa da gaskiyar aikin ya zo ne a 1945, lokacin da Gimbiya Elizabeth, wadda ta zama sarauniya daga baya, ta shiga ATS ta koyi tuƙi da kanikanci, aka ɗauke ta hoto cikin rigar aiki tana fama da tayar mota.

Daga nan sai gidan tarihin sojan sama da ke Hendon, a arewacin birnin, ana sauka a tashar Colindale a taka kaɗan; shi ma kyauta ne. Akwai wani jirgin Lancaster a ciki da ya kai hari sau 137 ya dawo, an zana ƙananan bama-bamai a jikinsa, kowane ɗaya na tafiya ɗaya. A ƙarƙashin fiffikensa na haɗu da wani dattijo mai aikin sa-kai wanda ya ce yana yaro ya shiga makarantar koyon sana'a ta sojan sama da ke Halton, shekaru bayan yaƙin. Lord Trenchard, shugaban sojan saman Birtaniya na lokacin, ne ya kafa wannan tsari a 1920, ana ɗaukar yara 'yan shekara 15 zuwa 17 a horar da su shekara uku, kuma kafin a rufe shi a 1993 ya yaye kusan mutum 40,000. Frank Whittle, wanda ya ƙirƙiro injin jet a Birtaniya, ta irin wannan ƙofa ya shiga a 1923, a Cranwell. Dattijon ya kwatanta mini jarrabawarsu ta farko da hannunsa: a ba ka guntun ƙarfe da zarto, ka goge shi har ya zama mai kusurwa huɗu daidai, ya shiga ramin da ka yanka a wani ƙarfen ba tare da haske ya ratsa ta gefe ba, in ya ratsa a jefar ka sake. Na tambaye shi ko alkawarin da tallar ta yi masa ya cika. Ya yi dariya ya ce sana'a kam ya samu, ita ta ciyar da shi har ya yi ritaya, amma babu wanda ya zana masa sanyin asuba a filin jirgi lokacin da sifana take manne wa fatar hannu.

Maganarsa ta sa na sake kallon matsalar mai zane a sojan sama. Mutum bakwai ne suke tashi da Lancaster, amma rundunar da ta haura mutum miliyan ɗaya a ƙarshen yaƙin mafi yawanta a ƙasa take, tana fama da injuna da wayoyi da mai. Matuƙi shi ne mai farin jini, shi ake zanawa yana kallon sama, kuma shi da abokan tashinsa ne suka fi mutuwa: rundunar jiragen kai hari kaɗai ta rasa mutum 55,573. Mai zanen da aka ce ya jawo bakanike ba shi da wannan ƙyalli, sai ya nemi wani abin sayarwa, wato ciniki a fili. Amurkawa sun fi kowa fitowa da shi ƙarara. A ƙarshen yaƙin farko suna da fostocin da ke cewa ka koya kana karɓar albashi, akwai kuma ta Charles Buckles Falls da ke kiran matasa su koyi ƙera manyan igwa da gwada su, su kyautata rayuwarsu da sana'a. Ba a ambaci maƙiyi ba, ba a ambaci mutuwa ba. Lokacin da zafin kishin ƙasa ya fara hucewa, sai aka koma yi wa saurayi maganar gobensa.

A cikin kundin gidan tarihin Lambeth na ga wani jerin fostoci na yaƙi na biyu da ke gabatar da sojojin ƙasashen da Birtaniya take mulka a matsayin abokan yaƙi, kuma ɗaya daga ciki ta rundunar Afirka ta Yamma ce, wadda kakanninmu suka shiga. Soja ne baƙar fata cikin kayan sarki, babu inji ko sifana kusa da shi. Alhali runduna ta 81 da ta 82 da aka kai Bama sun tafi da direbobi da kanikawa da masu aikin sadarwa da aka horar a cikin soja, kuma duk wanda ya tashi a Arewa ya ji labarin tsofaffin 'yan Bama da suka dawo suka zama direbobin manyan motoci da masu gareji. Su ba fosta ce ta kira su ba, domin masu karatun boko kaɗan ne a lokacin, ta hannun sarakuna da hakimai da bakin waɗanda suka riga su shiga kiran ya iso. Alkawarin dai iri ɗaya ne da wanda aka yi wa yaron Landan, amma shi an zana shi yana riƙe da kayan aiki, namu kuwa an zana shi yana riƙe da biyayya kawai. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da yadda na zata.

Tafiya ta ƙarshe ita ce mafi nisa, kuma ita ta fi cin kuɗi, domin tikitin jirgin ƙasa a Ingila in ba tun da wuri ka saya ba sai ka ji a jikinka. Na hau daga Paddington zuwa Swindon, kimanin awa ɗaya, sannan na shiga bas zuwa ƙauyen Lyneham, inda gidan tarihin rundunar injiniyoyin lantarki da kanikanci ta REME yake tun 2017. Bas ɗin ya ratsa ta wani ƙaramin gari, Royal Wootton Bassett, mai tsohon ɗakin taro da aka ɗora a kan ginshiƙai a tsakiyar titi. Matar da ke zaune kusa da ni ta nuna mini titin ta ce daga 2007 zuwa 2011 ta nan ake wucewa da gawarwakin sojojin da aka kashe a Iraƙi da Afganistan bayan an sauke su a filin jirgin Lyneham, mutanen garin su rufe shaguna su jeru a bakin hanya shiru, kuma saboda haka ne aka ƙara wa garin laƙabin sarauta a sunansa. Filin jirgin yanzu ya zama makarantar koyar da sojoji aikin lantarki da kanikanci. Shinge ne mai tsawo da masu gadi a ƙofa, amma gidan tarihin a buɗe yake ga kowa, sai dai nan ana biyan kuɗin shiga.

Tarihin rundunar kansa ci gaban labarin da na faro a Lambeth ne. A 1941 aka ɗora wa masanin tattalin arziki William Beveridge binciken yadda ake amfani da masu sana'a a cikin soja, ya gano ana ɓarnatar da da yawansu a ayyukan da ba nasu ba, kuma aikin gyara a warwatse yake tsakanin rundunoni daban-daban. A hamadar Arewacin Afirka kuwa Jamusawa sun fi sojojin Birtaniya iya janye tankokin da suka lalace su gyara su mai da su fage. Sakamakon haka aka kafa REME ranar 1 ga Oktoba, 1942, makonni kaɗan kafin gumurzun El Alamein a ƙasar Masar. A cikin gidan akwai wata tankar Sherman da aka cire wa igwa aka ɗaga jikinta sama domin ta shiga ruwa ta janye motocin da suka maƙale a gaɓar tekun Normandy ta Faransa a 1944. Da na tsaya kusa da ita na fahimci abin da fostocin sana'a suka ɓoye: bakaniken soja ba a gareji mai rufi yake aiki ba, sau da yawa shi ne yake fita ya ɗaura sarƙa a jikin tankar da aka harba, a daidai wurin da aka harbe ta. Hukuncina a kan waɗannan fostoci shi ne ba su yi ƙarya ba, domin sana'ar da suka alkawarta an koyar da ita, amma sun zaɓi rabin gaskiyar da ya fi daɗi suka cika takarda da shi, kuma sun yi hakan da gwanintar da har yau ake koyi da ita.

Wani ƙaramin abu a akwatin gilashi ya ja hankalina a matsayina na mai zane. Bajen hular rundunar na farko, na 1942, ma'aunin kaurin ƙarfe ne mai ƙafa biyu a tsakiyar zoben ganye, wato kayan aikin bakanike tsagwaronsa. A 1947 aka sauya shi da doki a tsaye a kan duniya, da sarƙa a wuyansa da walƙiya a bayansa. Na biyun ya fi kwarjini, babu shakka, amma na farkon ya fi faɗin gaskiyar mai hular, kuma da ni aka tambaya da shi zan bari.

A tashar bas, duhu ya riga ya yi, ga iska mai ratsa ƙashi, na tarar da wani saurayi mai askin soja da jaka a kafaɗa, zai tafi gida hutun ƙarshen mako. Ya ce gyaran manyan motoci yake koya, kuma abin da ya jawo shi wani ɗan gajeren bidiyo ne da ya gani a wayarsa, da lissafin cewa zai sami takardar shaidar sana'a ana biyansa, maimakon ya ci bashin karatun jami'a. Na tambaye shi ko ya yi tunanin a tura shi yaƙi, ya ɗaga kafaɗa ya ce sai ya gama kwas tukuna. Bas ya iso muka shiga, ya sa abin sauraro a kunne, ni kuma na kama lissafin abin da ya rage a aljihuna. Masauki da jirgin ƙasa su suka cinye kusan komai, ragowar ta tafi a littattafai da kofen fostoci da kwalin naɗe su, wanda ya ƙi shiga akwati, dole na riƙe shi a hannu har Abuja.